Kyan da Sabo Ya Rufe: Darasi Daga Masu Zanen Kayan Gida

 

Maganarmu ta yau ta shafi wani reshe ne na sana'ar zane wanda ya yi ƙarfi a ƙasashen Turai tun ƙarni huɗu da suka shige, watau zanen abubuwa marasa rai, inda mutum zai ɗauko tulu, ko kwano, ko kwandon 'ya'yan itace, ko curin burodi da wuƙa, ya jera su bisa tebur, ya zauna gabansu kwana da kwanaki yana dubawa, har ya fitar da surarsu a kan ƙyalle da fenti. Mai yiwuwa ne wani ya ce, ina fa'idar ɓata lokaci a kan surar tukunya, alhali ga tukunyar nan a madafa, kowa na ganinta safe da yamma? Amsar wannan tambaya ita ce maƙasudin zamanmu na yau. Kuma ko da yake Hausawa sun ce gani ya kori ji, rediyo kuwa ba shi da hanyar da zai nuna muku waɗannan zane-zane, za mu yi iyakar ƙoƙarinmu mu siffanta su da baki, gwargwadon yadda mai sauraro zai iya riskarsu da zuciyarsa.

Kafin mu ƙetare zuwa Turai, ya kamata mu tsaya wurin wani malami daga cikin malaman Musulunci, Alhasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ta Miladiyya, ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040. A cikin littafinsa Kitabul Manazir, wanda daga baya aka juya shi zuwa harshen Latin har masanan Turai suka yi ƙarnuka suna karatunsa, ya tabbatar da hujja da gwaji cewa gani yana samuwa ne sa'ad da haske ya taso daga jikin abu ya shiga ido, saɓanin ra'ayin waɗansu hukama'un Yunan da suka ɗauka ido ne ke harba haske zuwa ga abin da yake kallo. Bayan haka ya rarrabe tsakanin gani iri biyu: akwai na ƙiftawa, wanda ido ke yi cikin gaggawa, ya shaida abu da wata alama da ya riga ya sani, ya wuce, akwai kuma na ta'ammuli, wanda mutum ke bin sassan abu ɗaya bayan ɗaya, yana auna launinsa da girmansa da santsinsa da kaushinsa, har haƙiƙanin siffarsa ya tabbata a cikin ransa.

To, idan muka yi wa kanmu adalci, za mu tarar galibin kallon da muke yi wa kayan gidajenmu irin na farkon ne. Mutum yakan yi shekara da shekaru yana shan ruwa da moɗa ɗaya, amma in aka ce ya faɗi ta wane gefe ta lotsa, ko wane launi take yi idan hasken hantsi ya faɗa mata, sai ya rasa ta cewa. Sabo yana sauka bisa kaya kamar yadda ƙurar hunturu ke sauka, sannu a hankali, ba wanda ya ga zuwanta, sai dai a wayi gari kome ya dushe. Wannan ita ce gafalar da mai zanen abubuwa marasa rai ya ɗaura ɗamarar yaƙi da ita, makaminsa kuwa haƙuri ne da dogon dubawa.

Sana'ar kanta tsohuwa ce. Sa'ad da aka tono birnin Pompeii na ƙasar Italiya, wanda dutse mai aman wuta ya binne da toka a shekarar 79 ta Miladiyya, an tarar da bangayen gidaje ɗauke da surar kwanon gilashi cike da 'ya'yan itace, da ƙwai a faranti, da tuluna. Amma ba ta tsaya da ƙafafunta ba sai wajen shekarar 1600. A lokacin ne wani Ba'italiye mai suna Caravaggio ya zana kwando guda, da inabi da ɓaure da tuffa a cikinsa, wanda har yau yana ajiye a birnin Milan. Abin lura a wannan zane shi ne mai shi bai ɓoye aibi ba, ga tuffa da hudar tsutsa, ga ganye ya yi yaushi yana nannaɗewa, duk da haka wanda ya tsaya gabansa ba ya son ɗauke ido. A Toledo kuwa, watau Ɗulaiɗilar Andalus, Juan Sánchez Cotán ya rataye kabeji da wani ɗan itace mai kama da tuffa da zare a bakin taga, ya ajiye guna da kokwamba a gefensu, ya sa baƙin duhu a bayansu, har kayan lambun nan suka sami wani kwarjini da ba a saba ganinsu da shi ba. Ba da daɗewa ba, a 1603, ya bar harkar duniya ya shiga cikin ruhubanawa masu zaman kaɗaici, ya ƙare rayuwarsa a Garnaɗa. A Holan kuma, inda fataucin teku ya cika gidajen attajirai da kayan Sin da na Hindu, masu zane irin su Pieter Claesz na birnin Haarlem sun riƙa jera lemon da aka fara ɓarewa, da kofin da ya kife, da agogo, da fitilar da ta mutu, wani lokaci har da ƙoƙon kan mamaci, domin su tunatar da mai dukiya cewa duniya gidan ƙarewa ce.

Duk da haka manyan masana zane na Faransa ba su ɗauki wannan reshe da daraja ba. A Majalisar masu zane ta Sarki, wadda aka kafa a Paris a 1648, an jera fannonin zane hawa-hawa, yadda wani masani mai suna André Félibien ya tsara a rubuce wajen 1667: a sama akwai mai zana tarihi da ƙissoshi, sai mai zana surar mutane, sai mai zana dabbobi da daji da koguna, can a sahun ƙarshe mai zana furanni da 'ya'yan itace. Hujjarsu ita ce darajar zane tana bin darajar abin da aka zana, saboda haka mai zana sarki ya fi mai zana albasa, ko da na biyun ya fi shi gwaninta.

A cikin wannan hali aka haifi mutumin da za mu daɗe a kansa yau, Jean Siméon Chardin, wanda Faransawa ke furta sunansa Shardan, a birnin Paris, shekarar 1699. Ɗan kafinta ne, bai sami zuwa Italiya neman ilmi ba yadda manyan masu zane na zamaninsa ke yi, kuma kusan dukan rayuwarsa a Paris ya yi ta. Abokinsa Cochin ya ba da labari cewa abin da ya fara buɗe masa hanya wani zomo ne da aka farauto, wanda ya ajiye gabansa, ya ƙudurta a ransa zai manta da duk yadda ya ga waɗansu suna zana irinsa, sa'an nan ya ja da baya har gashin jikin zomon ya daina rarrabuwa ɗaya-ɗaya a idonsa, domin ya riski jimillar siffa da launi da yadda haske ya kwanta a kansu. A 1728 Majalisa ta karɓe shi saboda zane biyu, ɗaya na wani faffaɗan kifin teku da aka rataye a madafa, ɗaya na teburin abinci. Amma ta rubuta shi ne a matsayin mai zanen dabbobi da 'ya'yan itace, watau a sahun ƙarshe.

Daga cikin aikinsa, bari mu siffanta muku guda biyu. Na farko ya zana shi wajen 1734 a kan ɗan allon katako wanda tsawonsa bai kai santimita 30 ba, yana kuwa gidan tarihi na Louvre a Paris. A wancan zamani yawancin gidajen Paris ba su da ruwan famfo, 'yan ga-ruwa ne ke kai musu, a zuba a wata babbar randa ta jan ƙarfe mai murfi, da ɗan famfo a gindinta. Ita wannan randa Shardan ya zana, tana tsaye bisa ƙafafunta, da bokiti a ƙarƙashin famfon, da tulun ƙasa a gefe, da wani kasko mai dogon mariƙi, ba mutum ba ado, ba labule ba zinariya. Amma da yake ya dube ta da idon ta'ammuli, ya ga cewa jan ƙarfen nan ba launi ɗaya ba ne, akwai inda tsufa ya sa shi duhu, akwai inda haske ya kwanta a kan cikinsa ya yi ɗumi, akwai inda ya narke cikin inuwar bango har ba a san iyakarsa ba, sai randar ta fito da nauyinta da natsuwarta, har mai kallo ya ji cewa wannan abu, da ake raɓawa a wuce shi sau da yawa kowace rana, shi ne rayuwar gidan ta rataya a kansa.

Na biyu ya zana shi wajen 1761, yana birnin Pittsburgh na Amurka yanzu. Abin da ke cikinsa duka-duka tambulan ne na ruwa, da butar gahawa mai ruwan ƙasa, da tafarnuwa uku, da ɗan reshen ganye. Ku yi tunani a kan wahalar wannan aiki, jama'a: ruwa ba shi da launi, gilashi ba shi da launi, to da wane fenti za a zana ruwa a cikin gilashi? Shardan ya gane cewa ba a ganin su sai ta abin da ya ratsa su da abin da ya faɗa kansu, watau launin bangon da ke bayansu, da ɗan farin da haske ke ɗigawa a bakin tambulan, da wani sirin layi inda saman ruwa ya haɗu da gilashi. Waɗannan ya zana, sai ruwan ya bayyana da sanyinsa. Sa'an nan ya sa farin tafarnuwa tsakanin hasken tambulan da duhun buta, kowanne yana ƙara fito da ɗan'uwansa. Masanin falsafa Denis Diderot, wanda ya riƙa rubuta sharhi a kan baje kolin zane da ake yi a Paris, ya lura a 1763 cewa in ka matso kusa da aikin Shardan ba ka ganin kome sai shafe-shafen fenti, in ka ja da baya kuwa sai kome ya haɗu ya koma wurinsa.

Irin wannan aiki ba ya yiwuwa da garaje. A tsawon shekara hamsin da ya yi yana sana'a, abin da Shardan ya zana bai wuce ɗari biyu da 'yan kai ba, kuma kayan gidansa ne yake ta maimaitawa, tukunyar da ka gani a wannan zane ita za ka sake gani a wancan. Da tsufa ya zo, idonsa ya raunana har ya kasa aiki da fentin mai, bai ajiye sana'a ba, sai ya koma zane da alli mai launi, har ya rasu a 1779. A shekarar 2022 aka yi gwanjon wani ƙaramin zanensa a Paris, na kwandon jajayen 'ya'yan nan da ake kira sitiroberi, masu kama da waɗanda ake nomawa a Jos, da tambulan na ruwa a gefe, aka saye shi fiye da Yuro miliyan 24, kuma a 2024 ya shiga gidan tarihi na Louvre. Ba don mu girmama kuɗi muka kawo wannan adadi ba; mun kawo shi ne domin a ga yadda zamani ya warware hukuncin waccan Majalisa, ya tabbatar da cewa darajar zane tana bin zurfin dubawar mai shi.

Kuma hanyar ba ta mutu da mutuwarsa ba. Giorgio Morandi, wanda aka haifa a Bologna ta Italiya a 1890, ya rasu a 1964, ya yi galibin rayuwarsa a gida ɗaya tare da 'yan'uwansa mata, yana zana kwalabe da gwangwanaye da butoci a ɗakin kwanansa. Yakan shafa wa kwalba fenti don ya kashe ƙyallinta, ya bar ƙura ta zauna a kanta, ya yi ta matsa wannan kusa da waccan, yana nazarin ɗan filin da ke tsakaninsu. Da waɗannan kwalabe ya ci lambar yabo a babban baje kolin Venice a 1948.

Na san akwai daga cikin masu sauraro wanda zuciyarsa ke tambaya game da hukuncin Shari'a, tun da magana ce ta sura, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa. Sanannen abu ne cewa malamai sun tsananta a kan surar abin da ke da rai. Amma ya zo a cikin Bukhari da Muslim cewa wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya gaya masa da yin sura yake ci, sai ya yi masa gargaɗi, sa'an nan ya nuna masa mafita, cewa ya riƙa yin surar itatuwa da abin da ba shi da rai. A kan haka jumhurun malamai suka tafi, cewa surar tulu da kwano da 'ya'yan itace ba laifi a cikinta. Tarihi ma ya shaida haka, gama a cikin Ƙubbatus Sakhra ta Baitul Muƙaddas, wadda Halifa Abdulmalik ya kammala wajen 691, an ƙawata bangaye da surar tuluna da rassa da 'ya'yan itace, haka kuma a Masallacin Banu Umayya na Dimashƙa, wanda ɗansa Walidu ya gina, an jera ƙananan gilasai masu launi aka fitar da itatuwa da gidaje da kogi, ba mutum ba dabba. Waɗansu zane-zanen Turawan nan sukan haɗa da kifi ko kyanwa ko naman farauta, mai tsantseni sai ya bar wannan ɓangare. Abin da ya rage masa na kayan gida da na gona fili ne mai faɗi wanda ba zai ƙure shi ba.

Bayan halasci kuma akwai fa'ida. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a cikin Ihya'u, a babin haƙuri da godiya, a kan gurasa guda, yana bin sawun hannuwan da ta ratsa kafin ta iso gaban mai ci, tun daga manomi da maƙerin da ya ƙera masa kayan noma, har mai niƙa da mai gashi, domin ya nuna cewa wanda bai san ni'ima ba ba zai iya gode mata ba. Mai zanen kayan gida yana yin irin wannan tafakkuri ne da idonsa da hannunsa. Mu Hausawa ma ba baƙi ba ne ga sha'anin, gama uwar da ke yi wa 'yarta jere, tana ɗora langa bisa langa, tana saukewa, tana ja da baya ta duba, ta sake sauya wa tasa wuri har sai idonta ya kwanta, ta san cewa kaya suna da zama a tsakaninsu, babba yana son ƙarami a gefensa, mai ƙyalli yana son mai duhu.

Saboda haka ga abin da muke so kowa ya jarraba. Ka ɗauki tulun ƙasa da safe, ka ajiye shi kusa da ƙofar ɗaki yadda haske zai zo masa ta gefe ɗaya, ka zauna ka ƙura masa ido. Farkon abin da za ka gane shi ne saninka da ganinka sun saɓa: ka san bakin tulu da'ira ne, amma daga inda kake zaune ya shafaɗe, ya fi faɗi bisa tsawo, kuma in ka miƙe tsaye sai ya buɗe. Sa'an nan ka bi cikinsa daga gefen haske zuwa gefen duhu, za ka ga ba a tsallake ɗaya ake tafiya ba, ja ne ke komawa ruwan ƙasa, ruwan ƙasa ya koma baƙi-baƙi. Can kuma gab da ƙarshen duhun akwai wani ɗan haske mai rauni, wanda daɓen ɗaki ya mayar masa. Ka dubi inuwarsa a ƙasa, ta fi baƙi daidai gindinsa, tana sassautawa gwargwadon nisanta. Ka dubi baƙin tabon da wuta ta bar masa ranar da aka gasa shi, da sawun yatsun maginiya a wuyansa, da zufar da ke tsattsafowa daga jikinsa, wadda bushewarta a iska ce ke sanyaya ruwan da ke ciki. In ka gama da tulu, ka kawo ƙwaryar da ta tsage gyartai ya ɗinke, ka ga yadda ɗinkin ya zama mata ado. Ka kawo goro fari da ja bisa ganyensa, ka ɓara ɗaya, ka ga yadda iska ke sauya launin cikinsa kana kallo. Kai, ko butar roba ta alwala, in ka ɗaga ta ga rana, za ka ga iyakar ruwa ta cikin jikinta.

Wanda yake da fensir ko gawayi da takarda, to, ya gwada fitar da abin da ya gani, kada kuwa ya damu in na farko ya karkace, gama sannu ba ta hana zuwa, kuma hannu ba ya gyaruwa sai ido ya riga shi gyaruwa. Wanda ba shi da sha'awar zane, dubawar kaɗai ta wadatar da shi, domin ribarta uku ce: tana gadar da ƙana'a, tun da wanda ya ga kyan abin da ke hannunsa ba ya cika hangen na wani, tana sa a girmama masu sana'a, maginan tukwane da maƙera da masassaƙa da masu saƙar faifai, waɗanda muke cin moriyar hikimarsu ba tare da mun tuna da su ba, tana kuma buɗe ƙofar godiya ga Mahaliccin da ya yi haske da inuwa, ya ba mu idon da ke rarrabe su.

Kiranmu na ƙarshe ga iyaye ne da malaman makaranta. Idan kun ga yaro ya zauna yana zana kofi ko ludayi a bayan littafinsa, kada ku yi masa tsawa ku ce wasa yake yi. Ku ba shi takarda, ku ajiye masa abin a gabansa, ku ce ya duba da kyau kafin ya ja layi, gama yaron da ya koyi dubawa da natsuwa, ko bai zama mai zane ba, zai fi kyautata duk sana'ar da ya kama, likita ya zama ko tela ko alƙali. Ku kuma manya, kowa ya zaɓi abu ɗaya daga kayan ɗakinsa a cikin makon nan, ya ba shi kwata ɗaya na sa'a, ya dube shi dubawar ta'ammuli.

A nan za mu dakata, jama'a masu sauraro. Allah ya buɗe basirarmu, ya sa mu cikin bayinsa masu godiya.